Tsakuwa ta Arba'in

Duk wanda ya san bayan Bukuru ya san Lamba Tara, kuma duk wanda ya san Lamba Tara ya san Malam Jika, mutumin da ya fi gwamnati sanin gwamnati. Bai taɓa zama a aji ba, bai taɓa riƙe biro a ofis ba, amma ka ce masa gwamnati ta yi atishawa, nan take zai lissafa maka waɗanda mura za ta kama.

Lamba Tara kududdufi ne, ɗaya daga cikin ramukan da Turawan kuza suka haƙa, suka kwashe abin da ke ciki, suka bar wa ruwan sama ya cike. Ko suna ba su ba shi ba, lamba suka liƙa masa kamar ɗan fursuna. Amma Allah da ikonsa, ramin nan da aka yar shi ne ya zama tukunyar gida talatin da ɗoriya. Da rani ya kama sai injinan ban-ruwa su tashi, tiyo ya miƙe ta kowace kusurwa, kabeji da karas da latas da koren wake su rufe gangaren har bakin titi. Motocin Kudu har cikin lambu suke shigowa lodi. Makiyaya na shayar da shanu ta arewa, mata na wanke karas ta gabas, masu ƙugiya na zaro tarwaɗa mai kaurin damtse. Jika ne sarkin lambun wurin, shi ke raba kwanakin ban-ruwa, shi ke raba faɗa. Da ruwan nan ya aurar da 'ya'ya huɗu, da shi ya cire jinka ya sa kwano.

Karatu ɗaya Jika ya haddace a duniya: abu mai kyau ba a nuna wa mai takarda. Kuma ba daga sama ya tsinto shi ba. Yana saurayi wani jami'i ya zo gonar mahaifinsa da biro a bayan kunne, ya tambayi yadda ƙasar take. Tsoho da bakinsa ya ce ai ƙasar nan ko tsintsiya ka soka sai ta yi ganye. Kafin shekara ta zagayo an kafa duwatsun safiyo, an yanka filaye, tsoho ya ƙarasa kwanansa a gidan haya a unguwar Laranto ta Jos. Tun daga ran nan, in baƙo ya tambayi Jika ya amfani, ko da kabejinsa ya fi kan mutum girma, sai ya yamutsa fuska ya ce, "To, ana dai lallaɓawa."

A watan Agustan shekarar dubu biyu da shida aka aiko wa mai unguwa cewa masu taswira za su zo. Asalin tsari da rani ne za su zo, su ga lambu da idonsu, amma takardar izinin fita ta yi wata shida tana hutawa a kan teburin wani babba. Ai hutu haƙƙin takarda ne. Sai da damina ta yi tsaka, injina suna ɗaki, tiyo a naɗe, gangaren ba komai sai ciyawa da 'yar masara, sannan izini ya farka.

Jika ya tara mutanensa a ƙarƙashin itatuwan turare, ana yayyafi, kowa ya ƙudundune cikin suwaita.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji shi. "Gobe duk wanda aka tambaya, ruwan nan ba shi da amfani. Guba ne. Sauro ne. Cin mutane yake yi."

Uzairu, maƙwabcinsa na lambu, ya sosa ƙeya. "Amma Malam, ni fa na ji an ce don a kare wurin ne."

"A kare shi daga wa? Daga aljanu? Daga mu za a kare shi, Uzairu! Ka manta gandun daji? Nan ma karewa aka ce. Yau je ka karya ko asawaki a ciki ka ga inda za ka kwana. An taɓa ba kura ajiyar nama?"

Aka yi wa Uzairu dariya. Wa zai ja da wanda ya riga ka kwana?

Washegari wata farar mota mai tambari a ƙofa ta tsaya. Wata matashiya ta fito da takalmin roba, da wata 'yar na'ura mai kama da wayar salula wadda aka ce da tauraron sama take hira, da rikoda, da gwangwanin madara a hammata. Ta durƙusa ta gaida Jika kamar 'yar gida.

"Baba, sunana Firisila Badung. Taswira muke zanawa, amma ba ta tituna da gidaje ba. Ta amfanin da ƙasa da ruwa da daji suke yi wa mutane. Inda ake samun ruwan noma, inda ake kiwo, inda ake ɗiban magani, inda ke riƙe ruwa kada ya yi ambaliya. Wurin da jama'a ke ci daga gare shi za a shafa masa kore, doka ta tsaya masa, ba mai taɓa shi. Wurin da ba ya amfanar kowa sai cutarwa, za a ɗiga masa ja, a gyara shi a yi wani abin da shi."

Jika ya gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi, a cikinsa kuwa dariya yake har da riƙe ciki. Gyara! Yaushe rabon gwamnati da gyara wani abu? Ramin da ke kan titin Bukuru ya girmi autarsa, har ya kusa isa aure. Ja dai, ja. A ɗiga musu ja, a rufe fayil, a manta da su har tashin ƙiyama. Wannan ita ce kariyar da talaka ya sani.

Firisila ta shimfiɗa kwalaye shida a ƙasa, ta danne su da duwatsu. Kowanne da zane, don wanda bai iya karatu ba ya gane: injin ban-ruwa, kifi, saniya tana shan ruwa, mace tana wanki, ganyen magani, sai na ƙarshe mai hoton mutum ya ɗaga hannu yana nutsewa. Ta buɗe gwangwanin madara, ta raba wa mutum arba'in fararen tsakuwa, kowa ɗaya.

"Kowa ya ajiye tasa a kan abin da ya fi sanin ruwan nan da shi."

Jika ya fara. Ya taka a hankali kamar mai zuwa ta'aziyya, ya wuce injin ban-ruwa ko kallo bai ishe shi ba, ya ajiye tsakuwarsa a kan mai nutsewa, ya ja dogon numfashi. Sai layi ya biyo. Uzairu, wanda da kuɗin karas ya sayi babur, ya ajiye tasa can. Masunta, da ƙarnin tarwaɗa bai gama barin hannunsu ba, suka ajiye can. Kai, ran nan Lamba Tara ta ci mutane fiye da yaƙin basasa.

Da aka zo kan Balaraba, matar Jika, sai ta tsaya a kan kwalin injin ban-ruwa. Ta daɗe a tsaye. Mace ce da ba ta da yawan magana, amma ita ke tsinkar tafasa da zogale a bakin ruwan, ita ke wanke karas har yatsunta su yi fari don sanyi. Jika ya ga hannunta ya fara sauka. Ya yi gyaran murya sau ɗaya, irin wanda shekara talatin da aure ta koya mata fassararsa. Ta ɗago, ta ja mayafi, ta wuce cikin mata. Shi kuma ya juya yana amsa gaisuwar direban motar, hankalinsa kwance.

Firisila ta ƙirga. "Talatin da tara a kan haɗari. Saura ɗaya. Wa bai ajiye ba?"

Aka ce wataƙila ta faɗi cikin ciyawa.

Ta dubi tsibin tsakuwar, ta dubi Jika, ta kashe rikoda. Ta rage murya.

"Baba, don Allah. Ni 'yar nan ce. Mamana daga lambun nan take sarin kabeji tana kaiwa kasuwar Taminus. Na san yadda wurin nan yake da rani. Amma abin da na sani ba shi ake shigarwa ba, abin da kuka faɗa ne. Ka gaya mini gaskiya in rubuta."

Abin ya ɗan taɓa shi, don yarinyar da ladabi. Amma jami'in da ya zo wa mahaifinsa ma ai da ladabinsa ya zo, har goro ya kawo.

"'Yata, kunna abin naki," in ji shi.

Ta kunna. Jika ya gyara tsayuwa, ya nuna ruwa da ɗan yatsa, ya saki murya mai rawa. Ya ce ruwan nan annoba ce da Turawa suka bar musu. Ya ce ba shekarar da ba ya cin rai, alhali mutum ɗaya tak ya taɓa ci, shi ma wani mashayi ne da ya yi gardamar cewa zai iya tsallaka shi da keke. Ya ce kifin ciki ko kare ba ya ci. Ya rufe da cewa, "Ba shi da amfanin komai. Da za a raba mu da shi, da mun gode wa Allah mun gode wa gwamnati." Wani mai hoto da ya zo tare da ita ya ɗauke shi a haka, yatsa a miƙe, fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

Da mota ta tafi aka ɗauki shewa. Uzairu ya ce wallahi Malam ya kamata a sa shi a fim. Da labari ya zo cewa Natana'el na Lamba Huɗu, can gaba da su, ya kwashe komai ya faɗa wa masu taswira, har yawan buhunan dankalin da yake cirewa, Jika ya tafa hannu ya ce, "Allah sarki Natana'el. Ku fara yi masa jaje tun yanzu."

Shekara ta wuce shiru. Jika ya ce kun gani? Ya ƙara faɗin lambunsa da kadada guda, ya shuka kabeji dubu uku.

Ranar wata Talata a watan Janairun dubu biyu da takwas, kabeji ya fara naɗe kai, saura mako biyar a yanka, sai ga tifa huɗu da katafila da wani ƙaton injin zuƙar ruwa mai tiyo kamar gangar jikin mutum. Aka kafa allo a bakin titi: aikin cike ramukan haɗari da samar da filayen gidaje na zamani. Ashe gwamnatin da ba ta gyara komai tana iya gyara wuri cikin gaggawa, in dai wurin yana bakin kwalta kuma manya sun leƙo ta gilashin mota sun ga iska mai daɗi. Wannan babin ne babu a littafin Jika.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau bas zuwa Jos. A ofishin shirin taswira aka zaunar da shi a benci har azahar, sannan aka shigar da shi wurin oga, wani mai tumbi da ake kira Mista Livinus. Firisila tana tsaye a gefe da fayil a ƙirji. A bango ga taswira, faɗinta ya kai tabarma, kore nan, rawaya can. Jika bai iya karatu ba, amma ya gane titin Bukuru, ya bi shi da ido. Ga Lamba Huɗu, kore shar. Ga tasu, ɗigo ja kamar an soka wa takardar allura.

Oga Livinus ya miƙe da murna. "A'a! Baba mai hoto! Kai ne fa!" Ya ɗauko wani littafi mai sheƙi ya ɗaga. A bangon gaba ga Jika, yatsa a miƙe, fuska a yamutse. "Har Turai hoton nan ya je. An yaba mana ƙwarai. An ce ba a taɓa aikin da ya saurari jama'a irin wannan ba. Ka ce a raba ku da ruwan, ga shi muna raba ku. Ko ka zo godiya ne?"

Jika ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan shi ne abincinmu. Gida talatin. Kabejina dubu uku yana ƙasa yanzu haka."

"Kabeji? A ruwan guba?"

"Ba guba ba ne."

"Kifin da ko kare ba ya ci?"

"Muna ci, ranka ya daɗe. Kullum."

Oga ya zauna, ya haɗa yatsu a kan tumbi. Jika ya dubi ƙasa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a gaban mai takarda ba.

"Ƙarya na yi."

"To, Baba," in ji oga a hankali, kamar mai lallashin yaro, "yaushe? Ran nan, ko yau? Don in na rubuta cewa sarkin lambu maƙaryaci ne, wa zai karɓi maganarsa ta yau? In kuma mai gaskiya ne, to ga maganarsa a kaset, ga tsakuwa talatin da tara. An buga, an sa hannu, an ba da kwangila. Bakin alƙalami ya bushe."

Mutumin da ya fi gwamnati sanin gwamnati ya tattara babbar rigarsa ya nufi ƙofa.

Firisila ta rako shi har bakin matakala. Idonta ya kawo ruwa, kuma haushi take ji, ba ta ɓoye ba.

"Baba, na rubuta a rahotona cewa ana noman rani a wurin. Sau biyu na rubuta. Aka ce mini, ke kin fi masu wurin sani ne? Da ko tsakuwa ɗaya ta hau kan injin ban-ruwa, ƙa'ida ta ce sai an koma an duba da rani kafin a sa launi. Ɗaya tak, Baba. Na ƙirga sau uku ina nema."

Jika ya sauka yana riƙe da ƙarfen matakala.

Kwana tara injin nan yana zuƙa yana zubarwa a rafi. Ruwan da Jika yake raba wa mutane da awa, yana faɗa in wani ya ƙara minti goma, shi ne yake gudu a banza dare da rana. A rana ta shida tiyon masu lambu ya daina kaiwa. A ta takwas ganyen kabeji ya fara faɗuwa kamar kunnen akuya. Uzairu ya daina gaishe shi. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Natana'el kuwa, wanda aka ce a yi wa jaje, ya aiko da saƙo cewa in Malam yana so akwai ɗan gefe a Lamba Huɗu da zai iya ba shi aro, kunya goma sha biyu. Kunya goma sha biyu, ga sarkin lambu!

Rana ta tara da hantsi ruwa ya ƙare, sai taɓo. Tarwaɗa ta fito fili tana birgima, manya-manya, ɗaruruwa. Unguwa ta ɗauka, mata da maza suka shiga da kwanduna da buhuna. Direban katafila, wani mai fara'a da ake kira Romanus, ya cika bokiti biyu ya ɗora a bayan kujerarsa, sannan ya hango Jika a tsaye a kan gaɓa.

"Baba! Kai ne na littafi, ko? Oga ya ce kai ka fi kowa sanin wurin nan. Ta ina ya fi zurfi, mu fara juye ƙasa?"

Jika ya sani. Ya san ramin nan kamar tafin hannunsa, ya san inda idon ruwa yake tsattsafowa ko a ranin da ya fi kowane tsanani. Ya ɗaga hannu ya nuna, da wannan yatsan dai na cikin hoto. Romanus ya ce na gode Baba, ya tada inji.

Bai ji zuwan Balaraba ba sai da ta tsaya a gefensa. Ba ta shiga kamun kifin ba. Ta daɗe tana kallon tifar farko tana ɗaga baya, jar ƙasa tana zubowa a kan idon ruwan. Sannan ta kama bakin zanenta, ta kwance wani ƙulli da ya yi baƙi don daɗewa. Farar tsakuwa ce, 'yar ƙarama.

"Malam, ga ajiyarka."

Ya dube ta, ya dubi tsakuwar.

"Na kasa ɗora ta a kan ƙarya," in ji ta, "kai kuma ka hana ni ɗora ta a kan gaskiya. Shekara ɗaya da rabi tana ƙuguna. Na gaji da ɗaukarta." Ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. "Tunda kai ka san gwamnati, ka san inda za ka ajiye ta."

Ta juya ta nufi gida, ta bi ta tsakiyar kabejin da ya kwanta, ba ta waiwayo ba.

Jika ya tsaya da tsakuwa a hannu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki mai nauyi. Bai gaya mata abin da Firisila ta ce a bakin matakala ba, kuma ya san ba zai taɓa iya gaya mata ba. Ya laluba aljihu zai saka ta, sai ya ga ba zai iya kai ta gida ba. Ya ɗaga hannu ya wurga ta cikin Lamba Tara da duk ƙarfinsa, ya tsaya yana saurare, kamar yadda yake yi tun yana saurayi in yana son jin zurfin ruwa.

Ba ta yi ƙara ba. Tifa ta biyu ta ja da baya ta juye ƙasa a kai.